Shayin Safe a Saman Masallacin Ammar

Shekara 11 ke nan ina zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sarin yadi da leshi, wato Gwanzu kamar yadda muke kiran garin a Kantin Kwari, amma sai a tafiyata ta bara na ɗanɗana abincin mutanen yankin. Shi ma ba a cikin garin na ci ba, sai da na tsallaka Hong Kong.

Duk ɗan kasuwar da ya saba sauka a unguwar Xiaobei ya san yadda cikinmu yake rayuwa a can. Da safe gurasar 'yan Uyghur, wata ƙabilar Musulmi ta arewa maso yammacin Sin, da shayi. Da rana taliyar hannu ta mutanen Lanzhou, a shagunan nan masu koren allo da aka rubuta alamar halal a jiki. Da daddare tsiren rago, ko shinkafar Larabawa, ko kuma a bi kwatance har wani ɗaki a saman bene inda wata baiwar Allah 'yar Afirka take tuƙa tuwo. Cikin jakata kuwa ba a rasa garin kunu da busasshiyar kuɓewa da wata 'yar roba ta yajin ƙuli da uwargidana take daka mini duk tafiya. Ba yunwa muke sha ba, alhamdu lillahi. Sai dai duk wannan abincin na baƙi ne 'yan uwanmu. Mutumin Lanzhou baƙo ne a Gwanzu kamar ni, tafiyar garinsu ta fi kilomita 1,000 nesa ba kusa ba.

Abincin masu garin kuwa ta gilashi nake ganinsa. Kullum da safe in zan fita kasuwa sai na wuce ta gaban wani babban gidan shayi, in ga tsofaffi sun kewaye tebura, ga ƙananan kwanduna na gora an jera wani kan wani suna tururi, ga butoci, ga hayaniya kamar gidan biki. Sau da yawa masu masaƙun da nake sayen kaya a wurinsu sun gayyace ni, ni kuwa in kawo uzuri. Dalilina ɗaya ne, alade. A girkin mutanen kudancin Sin ba a nama kaɗai yake tsayawa ba. Kitsensa yana cikin ƙullin fulawa, romonsa yana cikin miya, har abin da aka ce maka na kifi ne ko na ganye ana iya ɗiga masa kitsen don ya yi maiƙo. Ga kazar da ba ka san wanda ya yanka ba, ga giyar shinkafa da ake zubawa a girki. Hadisi ya ce ka bar abin da yake sa ka kokwanto ka koma ga wanda ba ya sa ka kokwanto, to shi na riƙe. Ban yi nadamar riƙe shi ba. Amma na san akwai ƙofar da take rufe tsakanina da mutanen da nake cin arziki da su, domin mutumin da ba ku taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, saninku bai wuce na lissafi ba.

Ɗan yayana ne ya buɗe ƙofar. Yana karatun injiniya a Gwanzu shekara huɗu, ya iya Sinancin makaranta sosai, ya kuma tsinci yaren Kanton da ake yi a titi (Kanton tsohon sunan Gwanzu ne a bakin Turawa). Mun je bikin baje kolin Kanton na watan Oktoba, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, kuma akwai 'yan kwanakin hutu tsakanin wani zango da wani. Ina da wanda zan gani a Hong Kong kan maganar jigilar kwantena, sai yaron ya ce, "Baffa, in dai za mu shiga Hong Kong, to ka ba ni safiyar Lahadi. Akwai inda zan kai ka."

Jirgin ƙasa mai gudu muka hau daga tashar kudu ta Gwanzu, layin da aka buɗe a 2018, ba mu cika awa ɗaya ba sai ga mu a tashar West Kowloon. Mun kwana a Tsim Sha Tsui, kusa da Chungking Mansions, dogon benen nan mai hawa 17 a titin Nathan wanda duk ɗan Afirkan da ya taɓa sarin waya a Hong Kong ya san ƙofarsa. Asuba muka yi a Masallacin Kowloon da ke kan titin. Da hantsi muka gangara bakin ruwa muka hau jirgin fito na Star Ferry, mai launin kore da fari, ya tsallakar da mu zuwa Wan Chai cikin minti goma ko ƙasa da haka. Daga nan muka shiga taragon lantarkin nan mai hawa biyu da yake bin tsakiyar titi tun 1904, wanda 'yan gari suke kira "ding ding" saboda ƙarar ƙararrawarsa. Ta baya ake shiga, sai za a sauka ake biya a gaba. Muka sauka kusa da gadar sama ta Canal Road, muka taka da ƙafa zuwa titin Oi Kwan.

Lamba 40 ne. Bene ne mai hawa 8, wanda in ba don hasumiya da rubutun Larabci ba, sai ka wuce shi kana zaton ofis ne. Sunansa Masallacin Ammar da Cibiyar Musulunci ta Osman Ramju Sadick. Asalin masallacin ƙarami ne a gefen maƙabartar Musulmi ta Happy Valley, sai aikin hanyar ramin Aberdeen ya ci wurin, gwamnati ta ba da wannan filin, aka buɗe sabon ginin a 1981. Wurin alwala da ɗakunan salla na maza da na mata suna hawa na ƙasa-ƙasa. Gidan abincin yana hawa na biyar.

Tun a bakin ƙofa muka tarar da cunkoso, yawanci mata 'yan Indonesiya cikin hijabai masu launi iri-iri. Ɗan yayana ya ce masu aikin gida ne, sun haura 100,000 a Hong Kong, kuma Lahadi ce ranar hutun mafi yawansu. Wasu su tafi filin Victoria su shimfiɗa tabarma su wuni da 'yan garinsu, wasu su zo nan ɗaukar karatu. Na tsaya ina kallonsu suna gaisawa suna sumbatar hannun manyansu, na ji sun shiga raina. Mace ta bar 'ya'yanta a wata ƙasa tana renon na wasu kwana shida, rana ɗayan da ta samu ta kawo ta masallaci.

Ana buɗe lifta a hawa na biyar hayaniya ta tare mu. Wurin ba shi da wani ƙawa. Tebura ne masu zagaye, da kujeru, da fitilu masu haske, da ƙarar kwanuka. Abin da ya tsayar da ni shi ne fuskokin da ke ciki. Ga Pakistanawa da iyalansu, ga 'yan Malesiya masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto, ga Sinawa da yawa, wasu da farar hula, wasu kuwa ka san ba Musulmi ba ne, daɗin abincin da sauƙin kuɗinsa ne ya kawo su. Muka ɗan jira, sannan wata ma'aikaciya ta ɗaga yatsu biyu tana tambaya, yaron ya gyaɗa kai, ta nuna mana wani tebur da mutane suke zaune, ta ajiye mana wani ɗan kati.

Na ja baya, na ce masa ai da mutane a wurin. Ya ce, "Haka ake yi, Baffa. Nan ƙasa tsada gare ta, ba a barin kujera babu kowa. Kowa da katinsa, kowa da butarsa."

Mutum uku muka tarar. Wani dattijo siriri mai farar hula, da zai yi shekara 70, da matarsa, da wata tsohuwa tukuf a keken guragu. Kafin in buɗe baki dattijon ya riga ni: "Assalamu alaikum." Na amsa, na zauna. Na san da Musulmi a Sin, na sha yin salla a Masallacin Huaisheng na Gwanzu mai tsohuwar hasumiya. Amma waɗanda na saba gani mutanen arewa maso yamma ne. Wannan kuwa ɗan Kanton ne gaba da baya, da yarensu yake magana da matarsa. Daga baya ya gaya mana, da Turancinsa mai kyau, cewa kakanninsa daga Zhaoqing, wani gari kusa da Gwanzu, suka zo, kuma a Wan Chai aka haife shi. Tsohuwar mahaifiyarsa ce.

Abin farko da aka tambaye mu shi ne wane shayi za mu sha. A nan na fahimci cewa sunan da muke ji, dim sum, sunan 'yan ƙananan abincin ne kawai. Su masu abin ba sa cewa za su je cin dim sum, cewa suke yi za su je "yam ca", wato shan shayi. Shayin ne uban tafiya, abincin rakiya ya yi masa. Ɗan yayana ya zaɓi "bo lei", baƙin shayin lardin Yunnan da ake barinsa ya daɗe har ya yi ƙanshi kamar na ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Babu sukari, babu madara. Kurɓin farko bai yi mini ba, bakina ya saba da shayin da cokali yake tsayawa a ciki. Sai da na ci abu mai maiƙo na sake kurɓa, na ji yadda ya wanke mini harshe tas, sannan na gane aikinsa.

Kafin a sha kuwa sai da aka yi wanki. Yaron ya tsiyaya ruwan zafi a kwanona, ya juya kofi a ciki, ya ɗauraye cokali da tsinkayen cin abinci, ya zubar da ruwan a wani kwano. Na dube shi, don a wurinmu in ka sake wanke kwanon da aka kawo maka, ka ci fuskar mai gida. Ya ce a nan al'ada ce, kowa yana yi, har a manyan wurare.

Sannan muka ɗauki katin muka nufi inda ake ajiye abincin. A tsofaffin gidajen shayi, mata ne suke turo kura a tsakanin tebura suna kiran sunan abin da suka ɗauko. A nan kai za ka je da kanka. Kwandunan suna jere, tururi yana tashi, ka nuna wanda kake so, a miƙo maka, a buga hatimi a katinka gwargwadon tsadar abin. In an gama ci, hatimin za a ƙirga. Na tsaya a gaban wurin nan, hannuna yana son ya nuna, bakina yana shirin tambayar da na saba yi shekara 10: me aka sa a ciki? Sai na tuna a saman masallaci nake tsaye. Babu abin tambaya. Wallahi sai da na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata. Na shiga nuna wannan da wancan har yaron ya ce in dakata, a ci waɗannan da zafinsu tukuna, a dawo.

Kwandon kansa abin kallo ne. Madambaci ne ƙarami da aka saƙa da gora, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, ƙasansa a tsattsage don tururi ya ratsa. Ana ɗora goma a kan tukunya ɗaya, na ƙasa ya miƙa wa na sama zafi. Gora tana shanye gumin, ruwa ba ya ɗigowa ya jiƙa abincin. Duk macen da ta taɓa turara dambu ta liƙe bakin tukunya da tsumma za ta gane wannan hikimar da gani ɗaya.

Da "ha gau" na fara, domin dattijon ya nuna shi da tsinkensa ya ce da wannan ake gane mai dafa abinci. Ɗan dunƙule ne mai kama da kunne, guda huɗu a kwando, fatarsa fara ce mai sheƙi har kana hango jan abin da ke ciki. Da sitacin alkama da na rogo ake yin fatar, a kwaɓa da tafasasshen ruwa, a danne da gefen wuƙa har ta yi siriri, a zuba jatan lande, a naɗe bakin da ƙananan ninki kamar tattarar wuyan riga. Sharaɗinsa, in ji dattijon, fatar ta yi siririn da za a ga ciki, amma kada ta yage in an ɗauka, kada kuma ta manne a kwando. Mu mutanen tudu ba mu san jatan lande ba sai busasshe, wanda ake dakawa a miya. Ɗanyensa wani abu ne daban. Da na ciza sai ya yi ƙas a haƙori, ruwansa mai ɗan zaƙi ya fito, fatar kuwa ta yi danƙo kaɗan ta narke. A sauran gidajen shayi akan sa kitsen alade a cikin wannan ɗin ma, abin da mutum zai rantse kayan ruwa ne zalla. Na ci biyu ban ce uffan ba.

"Siu mai" kuma a buɗe samansa yake, fatarsa rawaya, an tattare ta kamar bakin jaka. Asalinsa da naman alade ake yi, shi ne ma ginshiƙinsa. A nan kaza ta maye gurbin. Na tambayi dattijon ko bambancin yana da yawa, ya yi murmushi ya ce shi bai taɓa cin wancan ba balle ya gwada, amma abokan aikinsa da ba Musulmi ba in ya kawo su ba sa barin komai a kwando. Ya ce wahalar tana wajen laushi, don kaza ba ta da kitsen da zai riƙe ruwa, dole mai haɗawa ya san hannunsa.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne curin naman sa. Manya ne guda uku, an kirɓa naman har ya yi laushi kamar ba nama ba, an ɗora su a kan fatar awara, wato yanar da take taruwa a saman madarar waken suya in ana dafawa. Akwai wani ƙanshi a ciki da na kasa ganewa, mai ɗan ɗaci da daɗi. Matar dattijon ta ce ɓawon lemo ne da ake shanyawa a adana shekaru, yana tsufa yana ƙara daraja. Na tuna yadda iyayenmu mata suke ajiye daddawa da kanwa, kowace al'umma da abin da take ɓoyewa a ƙuryar ɗaki don miya.

Aka kawo wani ƙunshi a ganye, girman dunƙulen hannu. Ganyen wani tsiron ruwa ne dangin bado, busasshe aka jiƙa. Yaron ya warware, sai ga shinkafa mai danƙo ta sha romo, da kaza da laimar kwaɗi irin wadda ake ci a tsakiya. Ƙanshin ganyen ya shige ta ko'ina, kamar yadda tubani yake ɗaukar ƙanshin ganyen da aka naɗe shi. Wannan shi ne mai cika ciki, mutum biyu suke raba ɗaya. Sai "coeng fan", ƙullin shinkafa da ake zubawa siriri a turara, a naɗe da nama a ciki, a kwarara masa baƙin ruwan waken suya mai ɗan zaƙi. Ƙullin sinasir ne ya faɗo mini a rai, sai dai wannan ba a barinsa ya tashi, kuma santsi gare shi, cokali na sa na ci. Ƙafar kaza ma an kawo, an soya an turara har fatar ta kumbura ta sha jar miya. Na ci ɗaya, ta yi daɗi, amma zaƙin miyar ya fi ƙarfin bakina, na bar wa yaron sauran.

Ana cikin haka kofina ya yi ƙasa, sai dattijon ya ɗauki butarsa ya cika mini. Na ce na gode. Da ya zuba wa ɗan yayana, sai na ga yaron ya lanƙwasa yatsu biyu ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu, bai ce komai ba. Na yi masa kallon da ya gane. Dattijon ya lura, ya yi dariya, ya ce yaron ya yi daidai, godiya ke nan. Ya ba mu labarin da ake bayarwa, cewa Sarki Qianlong, wanda ya yi mulki a ƙarni na 18, ya taɓa fita rangadi kudu cikin shigar talakawa. Suka shiga gidan shayi, sarki ya ɗauki buta ya zuba wa bafadensa. Bafade ya rasa yadda zai yi, in ya faɗi ya yi gaisuwa asiri ya tonu, in ya yi shiru ya yi rashin ladabi. Sai ya durƙusar da yatsunsa a kan tebur a madadin gwiwoyinsa. Dattijon ya ce labari ne na baka, amma amfanin abin a fili yake: bakinka da abinci, ko kana tsakiyar magana, ka gode ba ka katse kowa ba.

Da ɗan gari akan ci gari. A zaman nan na koyi cewa ba ka fara zuba wa kanka shayi, sai ka bi kofin kowa, ka fara da babba, naka ne na ƙarshe. In ruwan buta ya ƙare ba a ɗaga murya, murfin ake zamewa a bar shi a karkace, mai aiki in ya gani zai zo ya ƙara. Ba a soke tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, don ya yi kama da turaren da suke kunna wa matattu. Na cikin kwando na ƙarshe kuma ba a yi masa wawa, sai an yi wa juna tayi.

Na tambaye shi asalin wannan al'ada. Ya ce a Gwanzu ta girma, a ƙarni na 19, daga 'yan rumfunan da 'yan dako da leburori suke tsayawa su sha shayi mai araha su ci ɗan abin da zai riƙe su. Daga baya attajirai suka gina manyan gidajen shayi na bene. Har yanzu suna da wata magana, "yat zung loeng gin", kofi ɗaya da 'yan abinci biyu, wato abin da ya ishi dattijo ya zauna da jaridarsa har hantsi ya ɗaga. Na ce masa ai mu ma muna da teburin mai shayi, inda ake jin labarin gari kafin rediyo ta faɗa. Ya ji daɗin wannan, ya yi ta tambaya: me ake ci, wa yake zuwa? Na ce burodi da ƙwai, kuma maza ne suke zama.

Amsar da na ba shi ta sa na sake duban ɗakin. Kusan kowane tebur akwai kaka, akwai jika. Shi kansa dattijon, duk hirar nan da muke yi, rabin hankalinsa yana kan mahaifiyarsa. Zai ɗauko curin nama ya yanka shi ƙanana da gefen cokali, ya hura, ya ajiye a kwanonta. Ya zare ƙasusuwan ƙafar kaza ɗaya bayan ɗaya ya ba ta fatar. In ta kurɓi shayi ya goge mata haɓa. Mutum mai shekara 70, da furfurarsa. Ya ce duk Lahadi suke zuwa, in dai jikinta ya yarda. Gidajen Hong Kong ƙanana ne, ba sa ɗaukar taro, saboda haka gidan shayi shi ne tsakar gidansu, nan ake ganin juna, nan ake kawo wanda za a aura a nuna wa iyaye.

Mahaifiyata tana nan da rai a Kano, Allah ya ƙara mata lafiya. Ina gaishe ta kullum in ina gari, ban rage ta da komai ba na ci da sha da magani. Amma na zauna a wurin nan ina lissafi, na kasa tuno ranar ƙarshe da na ci abinci tare da ita. Tarbiyyarmu ce, namiji in ya girma akushinsa a zaure yake ko a ɗakinsa, kuma akwai kunya tsakanin uwa da ɗa wadda ni ma ina ganin kyanta. Ban ce tasu ta fi tamu ba. Abin da na sani shi ne na ga wani abu a hannun dattijon nan da cokalinsa wanda na yi sha'awa, kuma da ban zauna a teburinsu ba da ban gan shi ba. Shekara 10 ina hango irin wannan zaman ta gilashi, ina zaton abinci kawai ake ci.

Can sai matarsa ta tashi da katinsu, ta dawo da kwando ɗaya ta ajiye a gabanmu. Wani soso ne mai launin ƙasa-ƙasa, an yanka shi murabba'i, yana tururi. "Ma lai gou" sunansa, da fulawa da ƙwai da jan sukari ake yi, a turara maimakon a gasa. Na ce a mayar da hatimin kan katinmu, dattijon ya ɗaga hannu ya ce baƙo ba ya gardama. Laushinsa kamar auduga, zaƙinsa daidai, kuma da baƙin shayin nan suka dace kamar don juna aka yi su.

Na rasa abin da zan rama da shi. Na laluba aljihun rigata sai na ji robar yajin nan. Sai a lokacin na lura tun da muka zauna ban fito da ita ba, ni da ko shinkafar Larabawa sai na barbaɗa. Na ɗauko na buɗe, na ce wannan daga gidana yake, matata ce ta daka, da gyaɗa da barkono da citta da kanumfari. Saura curin nama ɗaya a kwandonsu. Dattijon ya gutsura, ya dangwala kaɗan, ya sa a baki. Ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, ya kurɓi shayi, sannan ya sake dangwalawa. Ya yi wa matarsa magana da yarensu, ita ma ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai tana fifita bakinta da hannu. Tsohuwar ta miƙo nata tsinken, ya hana ta, ta yi masa faɗa, ya lakato mata ɗan mitsitsi.

Na rufe robar na tura gabansa. Ya ƙi, na ce ai yanzu shi ne baƙon yajin, baƙo kuma ba ya gardama. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan sunkuyar da kai.

Muka kai katinmu aka ƙirga hatimi, kwando tara da shayin mutum biyu, kuɗin bai kai abin da nake biya ni kaɗai a gidan abincin Larabawa na Xiaobei in na ci gasasshen rago ba. Lokacin Azahar ya yi. Lifta ta cika da masu sauka, saboda haka muka bar wa tsohuwar da surukarta wuri, mu uku muka bi matakala. A wurin alwala dattijon ya naɗe hannun rigarsa, ya cire robar yajin daga aljihun gaba don kada ta faɗa ruwa, ya ajiye ta a cikin hularsa a gefe. Da aka tayar da iƙama ya jawo hannuna, muka tsaya a sahu ɗaya, kafaɗarsa tana taɓa tawa.